Wayo da hikima: uwa ɗaya uba ɗaya ne, ko kama ce kawai?

Yaron_Shago
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wani abu ne ya tsaya min a rai tun ranar Laraba, na ce bari in kawo shi nan ko a warware min.

A shagon kawuna nake, atamfa da shadda da leshi muke sayarwa. Wata baiwar Allah ta zo haɗa lefen ƙaninta, ta zaɓi atamfa turmi 8. A ciki akwai guda da na san ta daɗe rataye a bakin ƙofa, rana ta ci bakin ninkinta, in ba warwarewa ka yi ba ba za ka gani ba. Sai na warware na nuna mata. Ta ajiye wannan, ta biya kuɗin 7, ta yi godiya ta tafi. Ko fita daga layin ba ta yi ba kawu ya dube ni ya ce, "Kai har yau ba ka yi wayo ba. Ta tambaye ka ne? Ciniki ido ne."

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, wannan kawun nawa in rigima ta tashi a layinmu ko a dangi, shi ake kira. Kowa cewa yake Alhaji akwai hikima, kuma ba ƙarya ba ne, na sha gani da idona. To wayon da yake so in koya da hikimar da ake yabonsa da ita, abu ɗaya ne? Ko hikima wayo ne da ya tsufa ya yi furfura?

Bakatsine_04
Wa alaikumus salam. Wannan ai algus sunansa. Kawunka ya yi kuskure, magana ta ƙare.

Ɗan_Birni
Ba ta ƙare ba Bakatsine, yanzu ma aka fara. Ku bar yaro ya koyi kasuwa. Mace ta zo haɗa lefe ba ta warware turmi ba, laifin wa? In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ni a wurina babu wani abu daban wai shi hikima. Duk wayo ne. In ya yi nasara, kuma mai shi yana da gemu da babbar riga, a ce hikima. In an kama shi, a ce makirci. In talaka ne, a ce damfara.

Malam_Na_Zaure
Ɗan_Birni, a yi hattara. Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tsibin, sai yatsunsa suka ji danshi. Ya tambaye shi, mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa. Ya ce masa, me ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani? Wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Muslim ne ya ruwaito. Ka lura, a nan ma babu mai sayen da ya yi tambaya. Saboda haka "ta tambaye ka ne?" ba hujja ba ce. Akwai kuma hadisin Hakim bin Hizam a Bukhari da Muslim, cewa mai saye da mai sayarwa in suka yi gaskiya suka bayyana, a sa wa cinikinsu albarka, in suka ɓoye suka yi ƙarya, a shafe ta.

Ita kuwa hikima, Allah ya ce a Baƙara aya ta 269 yana ba da ita ga wanda ya so, kuma wanda aka ba shi ita an ba shi alheri mai yawa. Ban taɓa ganin inda aka faɗi haka a kan wayo ba. Yaron_Shago, Allah ya yi maka albarka, amma kada ka ɗaga wa kawunka murya a kan wannan.

Ɗan_Birni
Allah ya gafarta malam, ban musa hadisi ba, na ma janye batun atamfar. Amma a amsa min wannan. Annabi Yusuf ya sa an saka ma'aunin sarki a cikin kayan ƙaninsa don ya samu hanyar riƙe shi a Masar. Annabi Sulaiman, da mata biyu suka zo suna jayayya a kan jariri, cewa ya yi a kawo wuƙa ya raba musu shi biyu, alhali ba shi da niyyar yanka kowa. Ƙaramar ta ce a bar wa babbar, shi ke nan ya gane uwar. In wani alƙali ya yi haka yau, ba cewa za mu yi ya yi musu wayo ba?

Malam_Na_Zaure
Tambayar ta yi. Amma dubi inda kowace dabara ta dosa. Wuƙar Annabi Sulaiman gaskiya ta tono. Ninkin atamfa gaskiya yake binnewa. In kana son ganin ɗaya ɓangaren, karanta ƙissar mutanen Asabar a Suratul A'araf. An hana su kamun kifi ran Asabar, malaman tafsiri suka ce sai suka riƙa kafa tarkonsu tun Juma'a, su kwashe ran Lahadi, wai su ba su kama ran Asabar ba. Su ma kansu ya yi aiki ai. Ka san yadda suka ƙare.

Malamar_Hausa
Ku ba ni wuri in ɗan sa baki ta fannina, don ina ga kalmar ce take wahalar da mu. Bahaushe in ya ce "yaron nan ya yi wayo", ba zaginsa yake ba, nufinsa ya fara gane dama da hagu. Muna cewa "ban yi wayo ba kakata ta rasu", ko "na yi wayo na tarar da bishiyar nan a ƙofar gidanmu". Wato asalin wayo buɗewar ido ne kawai. Sai an ce "ya yi MINI wayo" sannan abin ya zama cuta. Wannan "mini" ɗin ita ce ta ɓata miyar. Abin dariya, da kalmar ta shiga broka a kudu, mummunar ma'anar kaɗai ta tafi da ita, a can in an ce maka mai wayo to macuci ake nufi.

Ita ma hikima ba kullum take sanye da rawani ba. Daga Larabci muka aro ta, kamar dabara da basira da makirci, amma mun faɗaɗa ta. Muna cewa maƙerin nan akwai hikima, mawaƙin nan ya zuba hikima, har za ka ji an ce ɓarawon da hikima ya buɗe kwadon. Ka ga nan gwaninta ake nufi, ba tsoron Allah ba. Saboda haka wataƙila duk masu yabon kawun nan gwanintarsa suke yabo, kai kuma Yaron_Shago ka ɗauka halinsa ake yabo.

Bakatsine_04
Malama kin ba ni aiki. Wallahi ban taɓa lura da wannan "mini" ɗin ba.

Gwaggo_Ta_Gabas
'Ya'yan nan kuna ta zuwa nesa, ga Gizo a gida. Mu da muka tashi ana yi mana tatsuniya a tsakar gida bayan an ci tuwo, tun muna ƙanana muka san bambancin, ba a dai gaya mana sunansa ba ne. Kun tuna shi da hankaki? Ana yunwa, hankaki suna zuwa wani ɓaure a tsakiyar kogi. Gizo ya lallaɓe su da tsamin bakin nan nasa har kowa ya ciro gashi ɗaya ya ba shi, ya yi fiffike ya bi su. Har nan ba wanda zai ce bai yi dabara ba, mai ƙafa takwas ya tashi sama! To da aka isa, duk ɓauren da hankaka ya kai baki sai ya ce shi ya riga gani. Suka yi shiru. Da za su tafi kowa ya zare gashinsa, suka bar shi a kan bishiya, ruwa gaba ruwa baya.

Kakarmu in ta kai nan sai ta tsaya ta ce, "Ya san hanyar zuwa, bai san ta dawowa ba." Ni har yau da wannan nake auna mutum.

Ɗan_Birni
Gwaggo a ƙarasa tatsuniyar mana. Ai da ya faɗa ruwan ma bai mutu ba, kadoji ya yi wa wayo ya ci musu ƙwai ya tsere. Kuma yara wa suke so a tatsuniya, Gizo ko Ƙoƙi? Har rufewa da sunansa ake yi, ba don Gizo ba da na yi ƙarya.

Gwaggo_Ta_Gabas
Ana son sa a tatsuniya, ɗana. Ka taɓa jin wanda ya ce Allah ya ba 'yarsa miji irin Gizo?

Zango_Kumasi
Gwaggo ta kashe bakinka hhh. Mu nan Asante maƙwabtanmu ma suna da nasu gizon, Kwaku Ananse, kuma akwai labarinsa da ya faɗa daidai kan tambayar nan. Wai ya tattara duk hikimar duniya ya zuba a tukunya, zai kai ƙololuwar bishiya ya ɓoye don ya zama shi kaɗai ke da ita. Ya ɗaura tukunyar a cikinsa, ya yi ta fama ya kasa hawa. Ɗansa Ntikuma yana ƙasa yana kallo, ya ce baba da a baya ka goya ta. Haushi ya kama Ananse, ga shi ɗauke da hikimar duniya amma yaro ya fi shi, ya yi jifa da tukunyar ta fashe, kowa ya tsinci rabonsa. Abin da nake gani a ciki, mai wayo bai yarda wani ma yana da kai ba. Nan ne kullum ake kama shi.

Dillalin_Kara
Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma shekarata 22 ina dillancin dabbobi a nan wajen Maraɗi, kuma duk wanda ya ce a yi kasuwa ba wayo bai taɓa riƙe igiyar rago ba. Sai dai wayon iri biyu ne, kada a haɗa su.

Na farko: ka shigo kara ka ga ragon da ya kwanta maka. In ka tsaya a kansa kana shafa shi, kana kiran ɗanka ya zo ya gani, wallahi ka ƙara wa kanka jika 20 kafin ka buɗe baki. Mai wayo wucewa yake, ya taya na kusa da shi, ya buɗe masa baki ya duba haƙori, ya yamutsa fuska, sannan kamar da wasa ya ce wancan fa? Mai ragon shi ma yana nasa. Ko kuɗin asibiti yake nema a ranar, ba zai bari ka gani a fuskarsa ba, sai ya ce albarka ya kau da kai kamar ba shi da damuwa. Wannan duka halal ne a wurina. Kowa abin da ke cikin zuciyarsa ya ɓoye.

Na biyu: a ɗura wa dabba kanwa tun asuba ta yi ta shan ruwa cikinta ya tashi, ka ganta kamar ta ƙoshi, kwana biyu a gidanka ta saɓe kamar tsumma. Ko mai tari a ɓoye ta a tsakiyar garke. Wannan abin da ke jikin kaya aka ɓoye.

Zuciyarka taka ce, ka rufe ta yadda ka so. Aibin kaya kuwa na wanda zai biya kuɗi ne. Ni la'adata nake ci, amma wanda na sayar wa rago bara shi nake jira bana. Kawun yaron nan na biyun ya nema.

Malam_Na_Zaure
Dillali, ka ce ba ka yi karatu ba, amma wannan rabon da ka yi malaman fiƙihu sun cika shafuka a kansa.

Yaron_Shago
Na gode ƙwarai, ina ta karantawa tsakanin ciniki. Bari in ba ku misalin hikimar da nake nufi, don kada a ɗauka kawu mugu ne. Akwai mutum biyu a layinmu, shagonsu na kallon juna, suka ɓata saboda ɗaya ya janye wa ɗaya wata Hajiya mai sari da yawa. Wata 5 ba sa ko gaisawa, har yaransu sun kusa dambe. Kawu ya je wurin na farko ya ce, "Wane ya zo gidana jiya da dare, abin nan ya dame shi, kunya ce ta hana shi zuwa wurinka." Ya tsallaka ya gaya wa na biyun daidai wannan maganar. Babu wanda ya je gidansa, ni shaida ne, a gidan nake kwana. Bayan la'asar ya kira su shagonmu, ya aike ni na sayo lemo, kowa ya shigo yana jin shi ne aka zo bai wa haƙuri, yana ta "ai ba komai, ya wuce". Suka yi musabaha. To da bakin da ya yi wannan, da shi ya ce min ciniki ido ne. Shi ya sa na rikice.

Lauyan_Gobe
Wannan kam akwai hadisi a kansa, ba maƙaryaci ba ne mai sulhu tsakanin mutane yana isar da alheri. Ni ga ma'aunin da nake amfani da shi: in wanda aka yi wa dabarar ya gano daga baya, zai gode maka ko zai tsine maka? In godiya ce, hikima ce. In tsinuwa ce, wayo ne. Mai lefe da ta je gida dangin amarya sun baje atamfa sun ga fari a ninki, kun san abin da za ta faɗa.

Ɗan_Birni
Ma'aunin ya yi kyau a takarda. To Khalid bin Walid a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, da ya sauya wa rundunarsa ta mutum 3,000 tsari har Rumawa suka zaci an kawo musu ɗauki, ya janye da su lafiya, Rumawan godiya suka yi masa? Nu'aimu bin Mas'ud da ya shiga tsakanin Ƙuraishawa da Banu Ƙuraiza a yaƙin Khandaƙ fa?

Lauyan_Gobe
Yaƙi daban. An faɗa tun farko cewa yaƙi ɗan zamba ne, kowa ya shiga ya san da haka. Mai lefe ba yaƙi ta zo ba.

Yaron_Shago
Lauya, ma'auninka ma a kan sulhun bai tsaya daidai ba. Bayan kamar shekara su biyun suna hira suka gano ba wanda ya je gidan kawu. Ɗaya ya yi ta dariya har da hawaye. Ɗayan har gobe in an tuna sai ya ce Alhaji ya yi masa wayo, ya sa shi yafe abin da ba a roƙe shi ba. Amma dai ba su koma gaba ba.

Maman_Biyu
Ina ta jira in ga ko akwai namijin da zai ambaci mata, shiru. To bari in ambace mu da kaina. Abin da kawu ya yi, in mace ce ta yi shi tsakanin mijinta da uwarsa sai ku ce kissa, in ranku ya ɓaci ku ce kisisina, ku jawo ayar "kaidinku mai girma ne". Ba kwa faɗin cewa mijin matar ne ya furta maganar a Suratu Yusuf, kuma a kan abin da matarsa ta aikata.

Shekara 14 ina zaune gida ɗaya da surukata. In ina son maigida ya gyara rufin ɗakin girki, ba na ce masa ya gyara. Sai in bari Hajiya ta shigo lokacin da ruwa ke ɗiga a tukunya. Washegari ga kafinta. In na dafa abin da ya yi daɗi in ce ita ta koya min, ko da a gidanmu na koya. Ba wanda na cuta, gida ya zauna lafiya. Ku sa masa sunan da kuka ga dama. Wanda yake da iko ba ya bukatar wayo, umarni kawai yake bayarwa. Wayo makamin na ƙasa ne, shi ya sa a tatsuniya ba a ba zaki shi ba.

Hajjo_Damagaram
Maman_Biyu Allah ya bar ki. Sai dai ki ƙara da cewa wadda ta iya kissa ta zaunar da gida, ita ce kuma in ta so ta raba ɗa da uwa da irin wannan bakin. Na ga duka biyun a gida ɗaya.

Mai_Tarihi
Maganar Maman_Biyu cewa wayo makamin na ƙasa ne ta tuna min 1903. Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas da jama'a mai yawa, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Waziri Buhari kuwa, bayan ya shawarci malamai, ya dawo ya yi sulhu da Turawa a zahiri don jama'ar da ta rage ta tsira da addininta, har ya rubuta wasiƙa yana bayyana hujjarsa, kuma ya nuna abin bai kwanta masa a rai da sauƙi ba. Wasu na cewa hikimarsa ce ta sa masallatai da kotunan alƙalai suka ci gaba. Wasu na ganin Attahiru ne ya yi daidai. A wane kwando za mu sa wannan?

Jikan_Maiwurno
Ɗan'uwa Mai_Tarihi, mu kakanninmu suna cikin waɗanda suka wuce bayan Burmi har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu nan Sudan. Ban taɓa jin dattawanmu sun kira abin da aka yi a kowane ɓangare wayo ba. Mutane ne da aka sa a tsaka mai wuya, kowa ya yi ijtihadinsa, kuma ba wanda ya yi don aljihunsa. Ina roƙon kada a haɗa su da cinikin atamfa.

Mai_Tarihi
Na karɓi gyara. Ba raini na nufa ba, so na yi in nuna akwai inda ko shekara 100 ba ta isa a yanke hukunci ba.

Mai_Kula_Da_Zaure
Jama'a a dawo kan tambaya. Duk wanda ya jawo siyasar yau zan goge, na riga na goge biyu.

Akanta_Kd
Ni ta fannin kuɗi zan duba. Abin da Gwaggo ta ce na hanyar dawowa shi ne duka labarin. MMM, tsarin nan na zuba kuɗi ta intanet, ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, ta rufe asusun mutane a Disamba 2016. Abin lura, da yawa daga waɗanda suka shiga sun san ba kasuwanci ba ne. Lissafinsu shi ne su shiga da wuri su fita kafin ta fashe. Wato ba wawaye ta cinye ba, masu wayo ta cinye, kowa yana ganin ya fi na bayansa. A Amurka Bernard Madoff ya shafe shekaru yana irin wannan da manyan masu kuɗi da bankuna, aka kama shi a Disamba 2008, aka yanke masa shekara 150, ya mutu a kurkuku a 2021. Rana dubu ta ɓarawo.

Ɗan_Birni
Akanta, waɗanda aka kama kake lissafawa. Waɗanda ba a kama ba fa? Suna nan a unguwanninmu, an yi musu sahun gaba a masallaci, in sun yi magana a ce Alhaji ya yi hikima. Karin maganar nan ta rana ɗaya ta mai kaya, mai kayan ne ya ƙirƙire ta don ya samu barci.

Bakatsine_04
Kai Ɗan_Birni wa ya cuce ka ne haka? Faɗa mana mu ba ka haƙuri.

Ɗan_Birni
Hhh ba mutum ɗaya ba ne. Na yi shekara 3 ina yi wa wani aiki da amana, ranar sallama ya ce ai ba mu rubuta komai ba. Tun daga nan na daina yarda cewa gaskiya kaɗai tana kai mutum gida.

Malam_Na_Zaure
Allah ya saka maka. Amma abin da ya same ka ba ya nuna ka zama irinsa, yana nuna a rubuta ne, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take. Mumini ba a saransa sau biyu a rami ɗaya. Akwai maganar da ake jingina wa Sayyidina Umar, cewa shi ba mayaudari ba ne, kuma mayaudari ba ya yaudararsa. Ka ga ke nan sai ka san duk hanyoyin da macuci yake bi, ka ƙi bin su. Wanda bai san su ba sam, ba mai hikima ba ne, rabonsa ne bai haɗu da macuci ba tukuna.

Gwaggo_Ta_Gabas
Shi ne Hausawa suka ce wayo ya san na ƙi.

Ɗalibar_Falsafa
Abin da Malam ya faɗa ya yi kusa da na Aristotle, masanin falsafar nan na tsohuwar Girka. Shi a wurinsa akwai wata baiwa ta iya gano hanyar da za ta kai ka ga abin da ka nufa, ko mene ne shi. In abin da ka nufa mai kyau ne, baiwar abin yabo ce, in mummuna ne ta zama iya shege. Ya ce hikimar zaman duniya ba ita ce wannan baiwar ba, amma kuma ba ta samuwa sai da ita. Wato kowane mai hikima yana da wayo, ba kowane mai wayo ke da hikima ba. Francis Bacon na Ingila shi kuma karkatacciyar hikima ya kira wayo, ya ce akwai masu iya shirya karta amma ba su iya buga ta ba. Abin da ke ba ni dariya, shi da ya rubuta haka, a 1621 aka tuɓe shi daga babban muƙamin shari'a na ƙasar saboda karɓar na goro daga masu ƙara.

Dillalin_Kara
To ashe Bature ma ya san ɗura kanwa.

Malamar_Hausa
Ɗaliba, in haka ne kawun Yaron_Shago bai zama abin mamaki ba. Kai ɗaya ne, baiwa ɗaya. A rigimar mutane ba shi da abin da zai ci, sai idonsa ya ga nisa. A shagonsa akwai kuɗin turmi ɗaya a gaban idon, sai ya tare masa komai. Na san mutane da yawa haka, gwanaye a matsalar wasu.

Maman_Biyu
Ko kuma shi ma sulhun akwai abin da ya ci. Girman da ake ba shi a layin kyauta ne?

Yaron_Shago
Jama'a ga yadda aka ƙare, in ma an ƙare. Jiya bayan mun rufe na bi shawarar Malam, na same shi shi kaɗai a mota na ce, "Kawu, maganar ranar nan ta tsaya min." Ya yi shiru har muka wuce shataletale, sannan ya ce, "Ni ban ce ka cuce ta ba. Rashin wayonka shi ne ka san turmin nan da aibi tun watan jiya, ka bar shi cikin masu kyau. Da ka ware shi ka rage masa kuɗi, da tuni wani tela ya ɗauka. Kuma da ka nuna mata, sai ka tsaya kamar gunki, ba ka ce Hajiya ga wani a madadinsa ba. Ta zo sayen 8 ka bar ta ta tafi da 7."

Gaskiya wannan ta kama ni, don ko a raina ban kawo in ɗauko mata wani ba. Amma kuma da kunnena na ji ya ce "ta tambaye ka ne?" ranar Laraba. Yanzu ban sani ba, abin da yake nufi ke nan tun farko, ko ya ga raina ya ɓaci ne ya juya maganar.

Ɗan_Birni
Hhhh ya yi maka irin ta masu shagon nan biyu! Ka fito kana jin an ba ka haƙuri, shi kuma bai ba ka ba.

Malam_Na_Zaure
Ko kuma dattijo ne ya gane ya yi kuskure, ya gyara ta hanyar da girmansa ba zai zube a gaban ɗan 'yar'uwarsa ba. A kyautata zato.

Lauyan_Gobe
Duka biyun za su iya zama gaskiya a lokaci ɗaya fa.

Tela_Mai_Almakashi
Ni duk ban bi muhawarar ba sosai, aiki ya yi yawa. Yaron_Shago, turmin nan yana nan? Ba wai ina so ba ne, irin wannan kayan wahalar yanka gare shi, sai an yi ta kauce wa farin. Amma in za ka bar shi rabin kuɗi, in turo yaro ya duba.

Dillalin_Kara
Yaro ka ce albarka, ka kau da kai. Wannan tun daga bakin kara ya ga ragon.